Indo Mai Aguwa da Gonar Aro

Indo taubashiyata ce. Ubana da uwarta ciki ɗaya sunka fito, ni ɗan namiji, ita ɗiyar mace, don haka baiwata ce tun ranar da anka yanke mata cibiya, ko da yake ta girme ni da shekara shida kuma ba ta taɓa ɗaukar mini ko buta ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce Muntari ya ci mutuncin tsohuwa. Duk abin da zan faɗa a kanta ina da iko, ita ma ta faɗi wanda ya fi shi a kaina, gaban surukaina kuwa.

Garinmu yana tsakanin Keita da Ibohamane. Shekarar da furoje, wato babban aikin raya ƙasa da dashen itatuwa, ya sauka ƙasarmu, bayan babbar yunwar nan, Indo tana da goyon fari. Rabin mazan gari sun watse ci-rani, wasu Abijan wasu Legas, sai mata sunka hau fako suna ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Hatsi da mai da kifin gwangwani ake sallamarsu da shi. Indo ta yi wata uku a layin duwatsu, a cikin wata ukun nan babu macen da ba ta yi cacar baki da ita ba. Shugaban aikin ya gaji da rabon faɗa, ya tura ta fefiniyar, inda ake renon ƙananan itatuwa cikin leda, ya ce can dai babu mai mayar mata da magana. Ashe wurin zamanta ke nan. Dakwara, bagaruwa, dogon yaro, duk wanda ta sa wa hannu sai ya tashi. In ka hau tudun gabas da gari yau ka ga duhun itace, da yawansu ta hannun masifaffiyar nan sunka bi.

Amma duk cikin itatuwan Allah, aguwa ta ɗauka ta sa a rai. Ni dai ban ga abin so ba. Wata tara a shekara tsirara take, rassa masu kauri toka-toka, ba inuwa, ba ɗan da za ka ci. In ka karya ta nono ya fito, in ya shiga idonka ka wuni kana kiran uwarka. Akuya ma in ta ɗanɗana sai ta yamutsa fuska ta wuce. Indo ta ce dalilin son ke nan, ita ce abin da in ka ajiye shi wuri za ka dawo ka same shi. Ta kuma ce in ta dube ta ni take tunawa, don muni da ɗaci.

Yadda take dasa ta na gani ya fi a ƙirga. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, take sare rassa kamu biyu-biyu, ta shimfiɗa su a inuwa kwana bakwai, har nonon ya bushe bakin saran ya rufe. Sannan ta haƙa rami rabin kamu, ta kakkafa su kusa da kusa, ta taka ƙasar da diddige, ta yi tafiyarta. Ba ta ba su ruwa ko ɗigo. Sabon reshen aguwa in ya sha ruwa kafin ya yi saiwa, ruɓewa yake daga ƙasa, ka taɓa shi ya faɗi. In anka bar shi da ƙishirwa, sai ya lallaɓa ya fid da saiwa, daga nan kuma ruwa ba ya yi masa komai sai alheri. Duk matar da ta yi aikin furoje ta san haka. Rabo ne bai sani ba.

Rabo ƙanin mijinta ne, marigayi Shu'aibu. Gonar Shu'aibu ƙorama ta cinye ta tun yana raye, da ya rasu bai bar wa Indo da ɗiyanta mata biyu komai ba sai ɗaki da jaki. Shi kuwa Rabo yana da tasa gonar gado a bakin kwazazzabo, fako tsantsa, in ka sare ta da hauya sai ta yi ƙara. Yana Abijan tun yana ɗan shekara sha shida, yana sayar da agogo da tabarau. Da ya ji rasuwar wansa sai ya aiko da kaset, yadda ƴan ci-rani ke yi a lokacin, anka saka a rediyo gaban dangi, ya ce ya ba matar wansa aron gonar ta ci da marayu. Kowa ya sa masa albarka. Ni ma na sa, ko da yake na san wurin, ko jaki ba ya tsayawa kiwo.

Shekara ashirin da biyu Indo ta yi tana dambe da fakon nan. Ta jera gandari, layin duwatsu bayan layin duwatsu, ta haƙa ƙananan ramuka tana zuba takin da ta tsinto inda Buzaye ke kwantar da shanu. A shekara ta huɗu ta ci dawar farko, da dawar gonar kuma ta aurar da ɗiyanta duka biyu. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi a gonar ba, shi ne dasa itace. A ƙasarmu gonar aro ana noma ta, ana zuba mata taki, amma ba a dasa mata itace. Wanda ya dasa ya ce ƙasar tasa ce ke nan, mai gona kuma yana da iko ya kore shi ran nan, ba mai ganin laifinsa. Indo ta san wannan sarai, ta kuma kiyaye.

Shekara uku da sunka wuce Rabo ya dawo gida ɗungurungum, da tumbi da baƙin tabarau, kowace magana sai ya fara ta da kalmar Faransanci "bon". Ya zo daidai kaka. Ya je ganin fakonsa ya tarar da dawa ta fi shi tsayi, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Tun daga ranar ya soma yawan zuwa gaida matar wa. Kowa ya gane gonarsa yake so, kuma tasa ce, babu gardama. Sai dai mutum ya karɓe abincin tsohuwa, matar wansa, ba gaira ba dalili, a garinmu ba za a ƙara ba shi hannu a masallaci da daɗin rai ba. Dalili yake nema. Ita kuwa Indo in gonar nan ta tafi ba ta da wata, sai zaman gidan surukai tana jiran a miƙo mata tuwo, abin da ta rantse ba za ta yi ba.

Kwazazzabon ne ya kawo masa dalilin. Daminar shekarar ya zabtare gefen gonar har gaba uku. Indo ta tsaya ta auna da ido, ta ce in anka ƙara damina biyu haka, ita da Rabo sai su raba rami. Duwatsu kaɗai ba sa riƙe bakin kwazazzabo, sai da saiwa. Ta jira har bazara. Ran nan ta ɗaura wa jaki amalanke ta nufi tudun rairayi, ta kwaso rassan aguwa lodi uku, ta shimfiɗa su ƙarƙashin gawon bakin gona, a fili, kowa na gani. Na same ta na ce baiwa, kin haukace, abin da mutumin nan ke nema kin kai masa har gida. Ta ce in tafi in nemi aikin yi.

Rabo bai ko tsaya sa takalmi daidai ba sai ƙofar Maigari. Anka kira Indo da hantsi, ni ma na bi, don shari'a ba ta wuce ni a garin nan. Rabo ya miƙe ya yi dogon jawabi, rabi Faransanci. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, al'adar kakanni yake tsoron a taka, ga matar wansa tana shirin dasa itace a gonar aro. Indo na zaune gefe ta lulluɓe kai kamar mutuniyar kirki. Da Maigari ya tambaye ta sai ta ce:

"Ranka shi daɗe, wane itace? Sanduna na saro, in kakkafa bakin rami awa yadda kowa ka kafa shinge. Ko saiwa guda ba su da."

Anka tura Rabo da dattawa biyu su dubo. Ya tarar da sanduna sun yi yaushi sun yamutse, ya ɗaga ɗaya ya jefar, ya dawo yana murmushi. Can Abijan teburinsa kusa da masu sayar da shukar furanni yake, ya ga safe da yamma suna ban ruwa, in an tsallake yini ɗaya shuka ta langaɓe. Sai ya zo da dabara. Ya ce ya yarda ta kafa, shi ba mugu ba ne, amma da sharaɗi. Sandar da ba a ba ruwa ba shinge ce, wadda anka ba ruwa dashe ce. In ta zuba musu ko cikin moɗa, ta dasa itace, ta fita gonar. A lissafinsa ko su bushe kwazazzabo ya ba ta tsoro ta bar wurin, ko ta kasa haƙuri ta ba su ruwa ya kama ta.

Maigari, wanda uwarsa ta ɗauki duwatsu tare da Indo, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Can ya ɗago ya ce:

"Wanda duk ya ba su ruwa, shi ya dasa. Haka ka ce, Rabo?"

Rabo ya ce haka ya ce. Maigari ya sake tambaya har sau uku, sau uku Rabo na amsawa, anka shafa fatiha. Indo ta fito tana share ido da gefen mayafi. Rabo ya zaci kuka take, har ya ce mata ta yi haƙuri, al'ada ce. Ni da nake kusa na ga dariya ce take dannewa.

Cikin kwana huɗu ta kafa su, layi biyu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rabo kuma ya ɗauki tabarma da rediyo ya tare ƙarƙashin gawo. Daga fitowar rana har faɗuwarta, cikin zafin bazara, yana zaune ya zuba wa sanduna ido. In Indo ta zo gyaran gandari sai ya leƙa gorarta ya ga inda ruwa ya tsaya. Alwala ma sai ta yi taku arba'in daga shingen. Ita kuwa ta samu abin wasa. Sai ta ɗauki buta ta nufi bakin kwazazzabo a hankali, in ya zabura ya taso yana tuntuɓe da riga, sai ta juya ta ce ashe ta manta ba nan za ta ba. A yini tana yi masa haka sau biyar.

Bai tsaya nan ba. Ya ce jakuna da shanu in sunka yi fitsari gindin sandunan ai danshi ne, don haka duk dabbar da ta doso sai ya bi ta da jifa. Abin da ke kashe sabon shinge kuwa shi ne dabba ta goga jiki ta tuge shi. A bazarar nan ko sanda ɗaya ba ta karkace ba. Indo ta ce duk zamanta a fefiniyar ba ta taɓa samun maigadi irinsa ba, ga shi kyauta. Tumbin Abijan ya saɓe, mutum ya yi baƙi ƙirin.

Wajen kwana arba'in anka yi ɗan ruwa, wanda bai wuce ya jiƙa ƙasa yatsa biyu ba, sama ta sake rufewa. Rabo ya kai ƙara, Maigari ya ce wannan ruwan ba na Indo ba ne, in yana da magana ya san inda zai kai. Bayan mako guda, da la'asar, Indo ta aika a kira ni. Ta dama mini fura, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake, ta matso ta rage murya. Ta ce akwai abin da ke damunta. Aguwa ba ta da maƙiyi sai ruwa, in wani mugu ya bi gindinta yana zubawa kwana goma a jere, duk shingen zai ruɓe, wahalarta ta tashi banza.

"Kai kaɗai na hwaɗa ma, Muntari. Ka riƙe bakinka."

Wallahi na yi niyyar riƙewa, na kuma riƙe har washegari. Ranar kasuwar Ibohamane ce. A rumfar mai tsire na faɗa wa mutum ɗaya tak, na kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Ban lura Rabo na bayana yana cinikin goro ba.

Kwana biyu sai ga Rabo da bido takwas, jarkunan nan na roba, da amalanken aro. Ya ce tubali zai buga. Daidai lokacin ne kuma ciwon baya ya kama Indo, kullum kafin azahar ta koma gida ta kwanta. Da rana ta take, mutane sun shige inuwa, sai Rabo ya nufi rijiya. Matan da ke bakin rijiyar nan duk tsofaffin abokan faɗan Indo ne na layin duwatsu. Sunka karɓi guga suna ja masa, suna yi masa sannu da ƙoƙari, har wata ta ce bido takwas ba ya isar tubalin kirki, ya riƙa yin sawu biyu. Ya kuwa riƙa yi. Ya bi layi gindi-gindi yana tsiyayawa, gumi na bin gemunsa, yana waige-waige.

Labari bai daɗe ba ya iso ni. Na san daga bakina abin ya fita, na ga na kashe wa baiwar Allah gona saboda tsire. Kwana uku ina kewaya ƙofar gidanta, a na huɗu na shiga na faɗa mata gaskiya. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce Allah shi kyauta, ta tambaye ni ko matata ta warke daga mura.

Kwana sha ɗaya Rabo ya yi yana ban ruwa. A na sha biyu sanduna sunka fashe da ganye, kore shar, daga kusurwa zuwa kusurwa, duk ƙasar Adar kuwa ba wani abu kore sai su. Daga kan hanya ana hango su. Ashe tun bayan ɗan ruwan nan Indo ta bi ta jijjiga su ɗaya-ɗaya da ƙafa, Rabo na kallo bai gane ba, ta ji sun kama ƙasa. Ruwa kawai suke jira, ita kuma an hana ta ba su.

Wannan karon ita ta riga shi ƙofar Maigari. Ta durƙusa ta ce ta kawo kuka, wani ya dasa itace a gonar da take ci, ita ba ta zuba ko ɗigo ba, mai gonar shaida ne tun da shi ke gadi, tana tsoron a ɗora mata. Anka kira Rabo, gari duka ya biyo shi. Matan rijiya su tara sunka ba da shaida, kowace da ƙidayar sawunta. Maigari ya ce a nuna masa tubalin, ba tubali. Rabo ya tsaya tsakiyar fili yana juya hula. In ya ce don ya kashe shingen ya zuba, ya faɗa da bakinsa cewa ya nemi kwazazzabo ya cinye abincin matar wansa. In ya yi shiru, sharaɗinsa ya hau kansa. Maigari ya bar shi ya sha rana kaɗan, sannan ya ce:

"Ashe tausayin matar wanka ka ji, Rabo, ka raya mata shinge a ɓoye don ta ci gaba da cin gonar?"

Rabo ya dubi dattawa, ya dubi matan rijiya, ya ce, "Bon. Haka ne."

Maigari ya ce madalla, mai gona ya dasa itace a gonarsa, Indo ba ta taka al'ada ba. Tun da kuma don ita ya yi, ke nan tana nan ciki iyakar ranta? Rabo ya ce haka ne, da wata murya da ba ta kai bayan fili ba. Anka shafa fatiha, dattawa sunka bi layi suna ba shi hannu suna sa masa albarka, yana karɓa kamar mai shan maɗaci.

Ni kuwa a nan tsaye na gane dalilin furar. Mako guda ban yi mata magana ba. Da na kasa daurewa na je na ce ta ci amanar zumunta, sai ta ce ta duba garin nan kaf tana neman bakin da ke yoyo, ba ta samu wanda ya kai nawa ba, in gode wa Allah ya yi amfani sau ɗaya.

Damina ta zo da ƙarfi. Kwazazzabon ya ɗauke sanduna kamar ashirin a kusurwar gangare, sauran sunka tsaya, ƙasa ta taru a bayansu. Da bazara ta sare daga manyan ta cike gurbin. Haka take yi kowace shekara, ta ja kallabi har gira saboda nonon, ta rage tsawon waɗanda sunka yi rashin kunya, ta kafa abin da ta sare inda ya yi giɓi. Yanzu shingen ya fi ni tsayi.

Shingen Rabo ake ce masa. Da wasa anka fara, sunan ya zauna, shi ma mai sunan ya karɓa hannu biyu. Yana ba da shawara a majalisa, har mutum biyu sun bi maganarsa sun ba sabbin rassa ruwa tun ranar farko, sun ruɓe tas. Bara da damina wasu baƙi sunka zo da farar mota, anka kai su ganin shinge. Rabo ya sa tabarau ya dafa reshe anka ɗauke shi hoto, yana bayani cewa sirrin aguwa ruwa ne da tsakar rana, kwana sha ɗaya. Baƙi na rubutawa. Indo na cikin gonar, taku goma daga gare su, ta duƙa tana noma, babu wanda ya tambayi sunanta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da motar ta tashi na tsallaka na same ta, na ce yanzu kina ji kina gani za ki bari, ni zan bi su har Keita in faɗa musu gaskiya. Ta miƙe da ƙyar ta dafa ƙugu, ta dubi shingen.

"Shina yi mini ciwo, Muntari, ba ni ɓoye ma. Shekara arba'in ina dashe, wanga ɗai na so a ce nawa ne. Amma ran da anka ce shingen Indo, ran nan nika fita gonar ga. Ka bar mishi sunan."

Ta sake duƙawa, ta ce in ɗaga ƙafata, ina taka mata wake.